Alkama da Kwanakin Hunturu: Laccar da Aka Gabatar a Kanya Babba



Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da yake sunanta daga Larabci muka aro shi, domin tun kafin a gina madatsar Tiga a 1974 kakanninmu suna nomanta da jigo a fadamu, mata suna yin alkaki da funkaso da taliya. Duk da haka, har yau Nijeriya tana sayo fiye da tan miliyan 4 kowace shekara, kuma haramta shigo da ita da hukuma ta yi a 1987 bai wadatar da mu ba.

Mas'alar ita ce, irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, kamar Norman da Reyna-28, yana iya ba da fiye da buhu 40 a hekta guda, alhali manomi a fangalinsa da ƙyar yake samun rabin haka. Ina sauran suka tafi? A nazarina, galibinsu jinkiri ne ya cinye su. Alkama 'yar sanyi ce, kuma sanyin da Allah Ya hore mana ƙididdigagge ne. Wanda ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, shukarsa za ta yi 'ya'ya ta fid da kai cikin hunturu, amma wanda ya kai Janairu, ko da ya ninka taki, ko da ya kwana a bakin inji yana ban ruwa, zafin Maris zai riski zangarniya tana cikin ɗura ƙwaya, sai a sheƙe a tarar da tsaba a ƙanjame, buhu ya cika a ido amma babu nauyi a sikeli.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne: shuka a layi maimakon yafi, kamfa wajen shuka, yuriya bayan kamar mako uku, kada kuma a bar alkamar da ƙishi lokacin fid da kai.

Adalci kuwa shi ne kada a ɗora wa manomi laifin jinkirin shi kaɗai, tun da sau da yawa dawarsa tana tsaye a gonar ba ta isa yanka ba, takin tallafi bai iso ba, fetur na ban ruwa kuma tun 2023 ya yi tsada. Saboda haka shawarata, ranku ya daɗe, ita ce gonar da aka yi niyyar alkama a sa mata amfani mai saurin nuna da damina, kamar gero ko wake ɗan wuri, a kuma tanadi iri da taki a ɗaka tun watan Oktoba bai ƙare ba.