Farfesa Oyawoye Da Duwatsun Bauchi
Jawabin da aka gabatar ga ɗalibai a Wudil

Ya 'yan'uwa, mun taru ne domin tunawa da Farfesa Jamiu Mosobalaje Oyawoye, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar 22 ga Mayu, 2023, yana da shekara 95. Mutumin Offa ne ta Jihar Kwara, an haife shi a 1927. Ya yi karatu a Amurka, ya sami digirin dakta a Jami'ar Durham ta Ingila, kana a 1966 Jami'ar Ibadan ta ba shi kujerar farfesa a ilmin duwatsu da ma'adinai. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya hau wannan matsayi.

Abin da ya haɗa mu da shi kuwa, duwatsun Bauchi ne. Akwai wani dutse mai duhu, mai ratsin kore, wanda garin yake zaune a kansa. Turawan mulkin mallaka sun gan shi, sun rubuta shi a takardunsu. Oyawoye ne ya zauna ya tantance ma'adinan da ke cikinsa, ya ga ya sha bamban da sauran, ya raɗa masa suna bauchite. Da sunan nan masana na duniya suke kiransa. Mu da muke fasa irin wannan dutse muna zuba harsashin gini, nawa ne daga cikinmu suka san haka?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, domin iyayensu suna niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ba su san abin da ke tattare da shi ba. Ga kuza a Riruwai, ga yashin da ake kwasa kullum a kogin nan na Wudil, ga rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa da ka, wasu su ƙafe kafin damina ta zagayo. Amma ɗalibinmu in an tura shi wannan sashe a jami'ar garin nan, sai ya ɗauka an yasar da shi ne don bai sami likitanci ba.

Marigayin ya bar Ibadan a 1977, daga baya ya shugabanci hukumar jarrabawa ta WAEC. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan.