Gayyar Zamani: Jawabi ga Malaman Reshen Koki



Tun da aka kafa Wikipedia a 2001, masu sa kai ne ke rubuta ta, har da sashenta na Hausa, ba a biyan su ko sisi. Me ke sa mutum ya kashe kuɗin data a kan aikin da babu albashi? Mu mazauna cikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma ginawa, wadda hannaye da yawa suka ɗora tubalinta, mun san amsar: gayya ce. Wani kishin harshe ke kai shi, yana son a karanta tarihin Kasuwar Kurmi da Hausa. Wani bincike yake koyo, domin duk abin da ya rubuta wasu za su duba su nemi hujja. Wani zumunci ya samu a can.

Abin ya shafe mu. Ɗalibanmu suna neman amsar aikin gida a wayoyin iyayensu, kuma abin da suka tarar, daidai ko kuskure, shi za su kawo mana aji. Don haka muna roƙon kowane malami ya ɗauki maƙala ɗaya a wannan zango, ya gyara ƙa'idar rubutunta, ya ƙara hujja daga littattafan da muke koyarwa da su.

Allah ya ba mu iko.