Ganuwa, Kafi da Ribaɗi: Kalmomin Tsaron Gari a Ƙasar Dutse

 

Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun lura cewa yaranmu na birane suna kiran sunayen garuruwansu ba tare da sanin ma'anarsu ba. Saboda haka muka ga ya dace mu ɗan yi bitar kalmomin da kakanninmu suka bar mana game da tsaron gari.

Ta farko ita ce ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da ke kewaye gari. Garin da ya samu ganuwa shi ake kira birni, kamar Birnin Kudu. Garu kuwa katanga ce mai ƙarfi, kuma shi ne sunan tsohuwar unguwar da fadar Mai Martaba Sarkin Dutse take. A bayan ganuwa akan haƙa gwalalo, rami mai zurfi, a dasa sarƙaƙiya don doki ya kasa kusantowa. Daga ciki akwai badala, tudun da 'yan baka ke tsayawa su yi harbi. Kowace ƙofa da sarkinta, shi ke rufe ta in magariba ta yi. Ƙauyen da ba shi da ƙarfin gina ganuwa sai ya kafa itatuwa jere ya kewaye kansa. Wannan shi ne kafi, kuma daga nan sunan Kafin Hausa ya samo asali.

Sansani wuri ne da rundunar yaƙi ke sauka na ɗan lokaci. Ribaɗi ya sha bamban da shi. Kalma ce ta Larabci, ana nufin garin kan iyaka da ake girke dakaru tare da iyalansu da malamansu, su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya ƙarfafa wannan tsari, har ya zauna a ribaɗinsa na Wurno, inda kabarinsa yake. A ƙasar Kano, wadda Dutse ke cikinta a lokacin, Babura ta fuskanci Damagaram daga arewa, Gwaram kuma ta fuskanci Ningi daga kudu. Hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 su suka sa manomin wannan yanki yake noma kunnensa na wajen ƙofar gari, in ya ji kuge ko gangar yaƙi ya kora dabbobinsa ciki. In abokan gaba suka kewaye gari suka hana shiga da fita, sai a ce sun yi masa ƙawanya.

Zuwan igwa ne ya kawo ƙarshen aikin ganuwa. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sannan Haɗejiya a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Su suka zo mana da bariki, kalmar da ta fara da mazaunin soja ta ƙare a kan ɗan bariki. Yau kuma in an ce sansani, abin da yaro zai tuna shi ne na masu yi wa ƙasa hidima ko na 'yan gudun hijira.

Jama'a, tun da Dutse ta zama hedikwatar Jihar Jigawa a 1991 gine-gine ke ƙaruwa, kuma mun sha ganin ana ɗibar ƙasar tsohuwar ganuwa ana yin tubali, ana cike gwalalo da shara. Dattawan da suka san inda kowace ƙofa take suna ta raguwa. Roƙonmu ga wannan ƙungiya biyu ne. A kafa kwamiti ya zauna da dattawan kowace gunduma, ya ɗauki bayaninsu a rubuce kafin taron baɗi. Sannan a nemi haɗin kan masarauta da ƙananan hukumomi a shata abin da ya rage na ganuwoyi, a hana taɓa shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.