Lacca a Kan Haɗuwar Ƙasashen da Ke Magana da Ingilishi

Jama'a, maganar da za a duba yau ita ce, shin ya kamata ƙasashen da ke magana da harshen Ingilishi, watau Ingila da Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, su haɗa mulkinsu da cinikinsu wuri guda?

Wannan shawara ta daɗe. Cikin 1884 waɗansu manyan mutane suka kafa ƙungiya a Landan don neman majalisa guda wadda za ta riƙe Ingila da ƙasashen da Turawanta suka zauna. Ba ta kai shekara goma ba ta watse, cikin 1893, domin 'ya'yanta sun kasa daidaitawa kan abin da za a fara haɗawa, ko tsaro ko ciniki. Cikin 1903 Joseph Chamberlain ya nemi a ɗora kuɗin fito kan kayan baƙi, a sauƙaƙa wa na cikin daula. Talakawan Ingila suka ga abinci zai yi tsada, suka kayar da jam'iyyarsa a zaɓen 1906. Sai 1932 aka ƙulla wannan sauƙi a birnin Otawa, alhali kuwa tun 1931 an riga an sakar wa majalisun waɗannan ƙasashe ikon yin dokokinsu. Churchill ma, cikin 1943, ya yi fatan wata rana mutumin Ingila da na Amurka su zama 'yan ƙasa ɗaya. Aka yaba maganar, ba wanda ya ɗauka.

To, mene ne ya hana? Duk wanda ya taɓa aikin baitulmali ya san amsar. Haɗa mulki shi ne a yarda wata majalisa ta nesa ta yanka haraji, ta kuma faɗi inda za a kashe shi. Harshe ɗaya yana sauƙaƙa shawara, amma ba ya sa mutum ya miƙa makullin taskarsa, ko da ga ɗan'uwansa ne.

Ciniki kuma maƙwabta yake bi. Wajen kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, babbar kasuwar Ostareliya kuwa Sin ce. Ingila da kanta ta shiga kasuwar Turai cikin 1973, ta bar manoman Niyu Zilan suna neman inda za su kai man shanunsu da naman tumaki. Ta fita cikin 2020, kana alkawuran ciniki tsakaninta da Ostareliya da Niyu Zilan suka fara aiki cikin 2023.

Abin da ya yi ƙarko shi ne alkawari kan sha'ani guda, kowa yana riƙe da majalisarsa. Tun 1946 Ingila da Amurka ke musayar labarun asiri, daga baya sauran ukun suka shiga. Cikin 1983 Ostareliya da Niyu Zilan suka ƙulla alkawarin buɗe wa juna kasuwa. Wannan hanya ita ta fi dacewa a bi, ko da ba ta da daɗin ji a bakin masu lacca.

Akwai kuma tambayar da masu wannan kira ba su cika son ji ba. In harshe ne ma'auni, Indiya da Nijeriya suna da miliyoyin masu jin Ingilishi, amma ba safai ake ambatonsu cikin lissafin ba. Inda aka haɗa su duka ban da Amurka, watau ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila mai ƙasashe 56, ba ta karɓar haraji, ba ta kuwa da soja.