Saukowa Gangara Da A-Kori-Kura A Hanyar Da Babu Kwalta

Wannan jawabi ya shafi direbobin a-kori-kura masu jigilar amfanin gona da 'yan kasuwa a yankunan duwatsu, kamar tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da ƙauyukan kewayen Jos, da duwatsun Mandara wajen Gwoza da Michika. A irin waɗannan wurare, da zarar an bar kwalta sai jar ƙasa da tsakuwa da kwazazzabai, saukowa kuwa ta fi hawa haɗari nesa ba kusa ba.

Daga cikin abubuwan da ke hallaka mutane akwai al'adar nan ta fid da mota daga giya, ko ma kashe inji ɗungum, wai don tsimin mai. Man da ake tsimin bai taka kara ya karya ba. Motar da ke cikin giya, injinta ne ke riƙe da ita. Idan aka fid da giya, nauyin duka ya koma kan birki, birki ya ɗauki zafi, man birki ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mota ba ta ko rage gudu ba. Idan kuwa inji aka kashe, abin ya fi muni, domin na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi da inji take aiki. Bayan taki biyu ko uku sai birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, wani lokaci ma ya kulle.

Saboda haka wajibi ne direba ya tsaya a kan tudu tukuna. In bai san hanyar ba, ya ja birkin hannu, ya taka da ƙafa ya duba inda ruwa ya zaizaye. Sa'an nan ya sa giya ta 1 tun bai soma gangarawa ba, gama canjin giya a tsakiyar gangara shi ke sa mota ta ƙwace. Motar da tayoyinta huɗu duka ke ja tana da ƙaramar giya mai alamar 4L, a tsaye ake sa ta. Ƙafar hagu kuma ta yi nesa da kuloci, domin taka shi daidai yake da fid da giya.

Lalle ne mota ta fuskanci gangara sosai, kada ta ratsa ta a karkace, watau abin da ke kifar da ita ke nan. A-kori-kura marar kaya bayanta ba shi da nauyi, birki mai ƙarfi yakan sa tayoyin baya su ƙage, bayan ya juyo gefe. In haka ta faru, sai a sassauta birki a hankali tayoyi su koma juyawa, a miƙar da sitiyari wajen gangara.

Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa kusa da kan mota, a ɗaure tamau. Buhunan da aka jibga sama da bodi, ga mutane a kansu, kifewa suke jira. Inda gangara ta yi tsanani, fasinjoji su sauka su bi bayan mota da ƙafa, yaron mota ma kada ya yi ta gudu kusa da taya da waigi a hannu. Idan ruwan sama ya jiƙa jar ƙasa ta yi santsi, giya ta 1 ɗin ma ba ta riƙe mota, sai a dakata a kan tudu har ƙasa ta sha iska.