Tafkunan Yatsu na Amurka: Abin da Ido Ya Gani



Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi bayani a kan ziyarar da na kai yankin tafkuna na Jihar Niyok ta Amurka a watan Mayu na 2024, lokacin da ma'aikatarmu ta tura mu wani gajeren kwas a garin Ithaca. Na amsa ne domin umarnin manya ba a ƙin sa, amma tsayawa gaban malaman da suka koya mini riƙe alƙalami ba ƙaramin nauyi ba ne. Zan kasa bayanin gida uku: yadda ƙasar take, yadda mutanenta ke cin abinci, da kuma abin da ya shafe mu.

Tafkunan guda 11 ne, dogaye sirara, sun miƙe daga arewa zuwa kudu kamar yatsun hannu, shi ya sa masu wurin ke kiran su Finger Lakes, wato Tafkunan Yatsu. Malamanmu na labarin ƙasa za su fi ni bayani, amma a taƙaice manyan tsaunukan ƙanƙara ne suka rarake kwaruruwan, da suka narke fiye da shekara dubu goma da suka wuce sai ruwa ya cike guraben. Tafkin Cayuga shi ne mafi tsawo, wajen kilomita 61. Tafkin Seneca kuwa shi ne mafi zurfi, wajen mita 188. Sunayen nan biyu na ƙabilun mutanen asali ne, waɗanda sojojin Amurka suka ƙone garuruwansu da gonakinsu a 1779.

Lokacin da muke kira bazara a nan, lokacin zafi ne da ƙishirwa. Tasu bazarar, daga Maris zuwa Mayu, fitowa ce daga matsanancin sanyi. Ƙanƙara na narkewa, rafuka na cika, itatuwan tufa na fure fari tas. A wannan lokaci ne ruwan da ke zubowa daga dutsen Taughannock, kusa da Ithaca, ya fi ƙarfi. Tsawon zubowarsa mita 66 ne, ya ɗara na Niagara tsawo, ko da yake bai kama ƙafarsa a yawan ruwa ba. Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa, ya tafi da rigar sanyi, domin safiyar Mayu a can ta fi tsakiyar hunturunmu.

To, me ake nomawa? Akwai kiwon shanun madara, akwai tufa da masara, amma abin da ya fitar da sunan yankin shi ne inabi, kuma kaso mai yawa na inabin nan giya ake yi da shi. Na san mafi yawanmu a wannan zaure ba ma sha, ba ma sayarwa, kuma ban tsaya nan don in yi wa kowa talla ba. Abin da ya ja hankalina shi ne dabarar noman da kuma dokar da ta tsaya wa manomi.

Dabarar ita ce tafkin da kansa. Ruwa mai zurfi ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. A bazara sanyin ruwan kan hana inabin da ke gangaren gaɓa yin toho da wuri, har sai haɗarin daskarewar raɓa ya ragu. Da kaka kuma ɗumin da ruwan ya tara sai ya ƙara wa 'ya'yan kwanakin nuna. Saboda haka gonakin suke manne da gaɓa kamar yadda lambu ke bin fadama.

Sana'ar ta daɗe. Tun 1860 aka kafa kamfanin Pleasant Valley kusa da Hammondsport, a bakin Tafkin Keuka. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta hana yin giya da sayar da ita a faɗin ƙasar, kamfanoni da yawa suka rufe, wasu manoma suka rayu da sayar da inabin ci da ruwan inabi. A 1951 wani masanin tsirrai haifaffen Yukren, Dokta Konstantin Frank, ya yi ƙaura zuwa Amurka. Manoman wurin sun yi imani cewa inabin Turai ba zai jure sanyinsu ba. Shi kuwa ya nuna musu cewa in aka yi masa aure da saiwar da ta dace, kamar yadda muke yi wa mangwaro, zai rayu. Ya buɗe tasa masana'antar a 1962.

Yanzu ga inda nake son 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati su kasa kunne. A shekarun 1970 yawancin manoman inabi ba su da mai saye sai manyan kamfanoni 'yan ƙalilan. Da kamfanonin suka rage saye, manomi ya rasa inda zai kai amfaninsa, ga shi inabi ba ya jira. A 1976 Jihar Niyok ta yi dokar da ta rage kuɗin lasisi, ta kuma ba ƙaramin manomi izinin sarrafa inabinsa a gonarsa ya sayar wa baƙo kai tsaye. Kafin dokar, masana'antun inabi a duk jihar ba su wuce 20 ba. Yau a yankin tafkunan kaɗai sun haura 100. A 1983 masu gonakin Tafkin Cayuga suka haɗa kai suka tsara hanya ɗaya da baƙo zai bi daga wannan gona zuwa waccan. Masu masauki, masu abinci, masu cuku da zuma da ruwan tufa, kowa ya samu. A 2012 aka sake yin irin wannan doka ga ƙananan masu giyar sha'ir, da sharaɗin cewa wani kaso na kayan aikinsu ya fito daga gonakin jihar: aka fara da kashi 20 cikin ɗari, a 2019 ya koma kashi 60.

Bayan doka akwai ilimi. Jami'ar Cornell, wadda aka kafa a 1865, tana da tashar binciken noma a garin Geneva, a bakin Tafkin Seneca. A nan aka fitar da irin tufa mai suna Empire a 1966, da irin inabi mai suna Cayuga White a 1972. Malaman gona na jami'ar kan bi manoma har gonakinsu.

Kada a ɗauka babu matsala. Ran 18 ga Mayu 2023 sanyi ya sauko da asuba bayan inabi ya riga ya yi toho, ya ƙone amfanin gonaki masu yawa a dare ɗaya. A 2017 kuma an ga gansakuka mai dafi a dukkan tafkunan 11, kuma takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki na cikin abin da ke ciyar da ita. Wannan ba wasa ba ne, domin birnin Syracuse daga Tafkin Skaneateles yake shan ruwa.

Ya 'yan'uwa, inabi ba amfaninmu ba ne, amma matsalar manomin can ta 1976 mun san ta. Duk wanda ya bi ta Kadawa lokacin kakar tumatir ya ga kwanduna jibge a bakin titi suna ruɓewa saboda rashin mai saye. Ruwan Tiga ya ba mu noman rani, saura hanyar da ƙaramin manomi zai busar, ya niƙa, ya ƙulla, ya sayar da kansa ba tare da takardun izini sun karya shi ba. A cikinmu akwai daraktoci, akwai lauyoyi, akwai 'yan majalisa. Takarda ɗaya da ta bi ta teburinka tana iya zama sanadin arzikin ƙauye guda, ko ta kwana a cikin durowa har tumatir ya ruɓe.

Ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti na membobinmu da ke ma'aikatun gona da ciniki, su duba ƙa'idojin da ke wahalar da masu ƙananan sana'o'in sarrafa amfanin gona, su kawo mana rahoto a taro mai zuwa. Na biyu, mu tara abin da ya sawwaƙa a farfaɗo da gonar makarantarmu, a sayo na'urar busar da kayan lambu, ƙannenmu su koyi noma tare da sarrafawa da lissafin riba. Ni na ɗauki nauyin rubuta wasiƙar farko in shugabanni sun amince.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.