Alƙalamin Haraji da Tukunyar Giya: Darasi Daga Ingila



Na san wasu za su yi mamakin jin batun giya a wannan zaure. Hukuncinta a Musulunci sananne ne, kaɗan ɗinta da mai yawanta duk haramun ne, kuma ban zo yi mata talla ba. Abin da ya kawo ni shi ne, da yawanku gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin gwamnati kuna tsara haraji, to ya kamata ku ga yadda alƙalamin ma'aikaci yake shiga har cikin tukunyar mai dafa giya.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙananan masu dafa giya, waɗanda suke yin ta 'yar kaɗan da gwanintar hannu, kusan kamar yadda masu burkutu suke yi da dawa a nan ƙasar. Cikin hajarsu akwai wadda ake kira mai sauƙi, wato wadda barasar da ke cikinta ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, har mutum ya daɗe zaune yana kurɓa. Masu talla sukan ce zaɓin jama'a ne ya haife ta, alhali kuwa tarihin Ingila ya nuna akwai hannun hukuma dumu-dumu a ciki.

A shekarar 1880 Gladstone ya soke harajin tsiron sha'ir, ya ɗora shi a kan kaurin ruwan tsiron kafin ya yi tsami. Tun daga ranar, duk mai son riba sai ya tsinka ruwan. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Lloyd George ya lissafa giya cikin abokan gaban ƙasarsa, sabili da tana rage ƙwazon ma'aikatan ƙera makamai. Aka ƙara haraji, aka taƙaita lokutan buɗe mashaya, aka rage sha'ir ɗin da ake ba masu dafawa. Giyar da take da kimanin kashi 5 kafin yaƙi ta faɗo zuwa wajen kashi 3 a 1918, kuma ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba. Abin da aka soma bisa tilas, sai 'ya'ya da jikoki suka tashi suna kiransa al'ada.

Kada ku ɗauka zancen ya tsaya a zamanin da. A watan Agusta na 2023 gwamnatin Birtaniya ta sauya tsari, ta sassauta haraji ga giyar da ba ta kai kashi 3.5 ba. A shekarar 2023 ɗin kamfanin Carlsberg ya sauko da tasa daga 3.8 zuwa 3.4. Mu ma nan gida mun ga irin haka, domin da aka hana shigo da tsiron sha'ir Nijeriya a 1988, kamfanoni sun koma ga dawar manomanmu.

Sai dai akwai gargaɗi, jama'a. Kalmar nan “mai sauƙi” tana iya ruɗin mutum. Wanda ya sha kofi huɗu na mai kashi 3.5, barasar da ta shiga jikinsa daidai take da ta wanda ya sha kofi biyu na mai kashi 7. Hanta ba ta karanta rubutun jikin kwalba, jimillar abin da aka ɗura mata take gani. Saboda haka dokar da ta rage ƙarfin giya amma ta bar yawan sha, rabin aiki ta yi.

To, ranar da fayil ɗin haraji ya iso teburinku, ku tambayi kanku: ban da kuɗin da zai shiga baitulmali, wace ɗabi'a zai bar wa jikokinmu?